Wanda bai yi aiki ba duk shekara, dole ne ya cike takardar haraji?

Baban Iklima: Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana. Mutumin da shekara ta zagayo bai yi aiki ba, babu albashi babu komai, wajibi ne a kansa ya cike takardar bayyana kuɗin shiga ya miƙa wa hukumar haraji? Ni a sanina haraji a kan samu ake biyansa, to wanda bai samu ba me zai bayyana? Amma wani ya ɗaga mini hankali wai akwai tara. A taimaka.

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa. Kai da ba ka da ko sisi me za su karɓa a wurinka? Bar su su ji da masu kuɗi.

Malam Habu Akanta: Ɗanlami, ka yi saurin yanke hukunci. Baban Iklima, kafin kowa ya ba ka amsa sai ka faɗa mana abu biyu. A wace ƙasa kake zaune? Kowace ƙasa da tata dokar, abin da aka yafe a nan ana cin tara a kansa a can. Sannan a cikin shekarar wani kuɗi ya shigo hannunka ko bai shigo ba, ko da ba albashi ba ne? Hukumar haraji ba ruwanta da ko ka fita aiki da safe ko ka wuni a kwance. Kuɗin haya, ribar hannun jari, kuɗin ruwa na ajiyar banki, fansho, ribar da ka ci da ka sayar da fili ko gida, duk kuɗin shiga ne, kuma babu ɗaya da ake zufa kafin a same shi. Akwai wanda bai taɓa zama a ofis ba amma harajin da ke kansa ya ninka na ma'aikaci goma.

Kuma a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Biyan haraji daban, miƙa takarda daban. Yana yiwuwa ba a bin ka ko kwabo amma doka ta ce ka kawo bayani a rubuce.

Baban Iklima: Na gode Malam. A Amurka nake. An sallame mu daga aiki a ƙarshen 2024, tun daga nan ban sake samun na dindindin ba. Na ɗan karɓi alawus ɗin da gwamnatin jiha ke ba marasa aiki na wasu watanni, shi ke nan.

Malam Habu Akanta: To ka ga abin da nake nufi. Wannan alawus ɗin a Amurka kuɗin shiga ne, gwamnatin tarayya na lissafa haraji a kansa. Jihar za ta aiko maka fom mai lamba 1099-G ɗauke da jimillar abin da ta biya ka, kuma tana aika kwafinsa ga IRS, hukumar harajin tarayya ta Amurka. A shekarar 2020 ne kawai, saboda annobar korona, aka yafe haraji a kan dala 10,200 na farko, kuma wannan rangwamen ya wuce da shekararsa.

Yadda tsarin yake, kamar nisabin zakka ne: akwai haddin da in abin da ka samu bai kai shi ba, ba a wajabta maka cike fom 1040, wato takardar harajin shekara, ba. Ga mutumin da ba shi da aure kuma bai kai shekara 65 ba, haddin ya kasance dala 14,600 a shekarar 2024, ya koma 15,750 a 2025. Ma'aurata da suka haɗa takarda ɗaya, ninki biyu. Amma ga wurin da ake faɗawa rami: in kana da aure kuka zaɓi kowa ya cike tasa daban, haddin dala 5 ne kacal. Biyar, ba kuskuren rubutu ba ne.

Don haka tara alawus ɗin da duk wani abin da ya shigo, ka haɗa da na iyalinka in tana aiki, ka gwada da haddin.

Ɗanlami: To ai maganata ta fito. In bai kai ba, ya yi zamansa.

Baban Iklima: Bai kai ba gaskiya, ita ma mai ɗakina ba ta aiki. Sai dai akwai lokacin da na riƙa kai saƙo da motata ta wata manhaja, amma ba wani abin kirki ba ne, duka-duka bai wuce dala 900 ba. Ban ɗauke shi aiki ba.

Malam Habu Akanta: Allah sarki. Ai wannan ɗan ƙaramin shi ya fi alawus ɗin haɗari. Wanda ke aikin kansa haddinsa daban ne: ribar da ta kai dala 400 bayan an cire kuɗin da aka kashe, ta wajabta cike takarda, ko da jimillar samunka ba ta kusanci 15,750 ba. Dalili shi ne akwai wani haraji na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ma'aikaci da kamfaninsa ke rabawa biyu, mai aikin kansa kuwa shi ke ɗauke duka.

Amma kada ka firgita tukuna. A kan riba ake magana, ba a kan abin da manhajar ta turo maka ba. A shekarar 2025 an yarda ka cire santi 70 a kan kowane mil da ka yi saboda aikin. In ka yi mil 800, ka cire dala 560, saura 340, ka sauka ƙasa da haddin. In mil 300 ka yi, ka cire 210, saura 690, takarda ta hau kanka. Buɗe manhajar ka duba tarihin tafiye-tafiyenka, amsarka tana can.

Ɗanlami: Malam, Allah ya gafarta, ni fa ban ga hikimar mutum ya je ya tsokano tsuliyar dodo ba. Ba su neme ka ba, ka ɗauki ƙafa ka kai musu sunanka da adireshinka da lambar asusunka. Gobe su ce daga ina ka samu kuɗin haya tunda ka ce ba ka aiki? Shi ke nan ka jawo wa kanka bincike.

Hajiya Turai: Ɗanlami ɗana, wa ya gaya maka ba su da sunanka? Bankinka na kai musu rahoto, tsohon wurin aikinka ya kai, ofishin da ya ba ka alawus ya kai. Kai kaɗai ne ba ka faɗi naka ɓangaren ba.

Bari in ba ku yadda abin yake a Kanada. A nan wanda ba shi da kuɗin shiga shi ya fi kowa buƙatar cike takardar. Tallafin yara da gwamnati ke biya kowane wata, da rarar harajin saye da ake maido wa masu ƙaramin ƙarfi duk wata uku, da takardar ake lissafa su. Kuma dole miji da mata kowa ya cike tasa kowace shekara, ko da matar ba ta samu ko dala ɗaya ba, ta rubuta sifili ta miƙa. Wa'adin 30 ga Afrilu ne, a watan Yuli kuma ake sabunta lissafin. Na ga mata da yawa da aka tsayar wa da kuɗin yara, su zo suna kuka wai an zalunce su, ka duba ka tarar maigida ya cike tasa ita aka ce ai ba ta aiki, ba sai ta yi ba.

Ɗanlami: Hajiya, wannan Kanada ce, ƙasar da ke rabon kuɗi. Ba ko'ina ake haka ba.

Zulai: Yaya Ɗanlami, a Amurka ma an yi. Kuɗin tallafin korona da aka raba kashi uku, dala 1,200 da 600 da 1,400, waɗanda suka saba cike takarda kai tsaye ya faɗa asusunsu. Da yawa daga waɗanda ba su cikewa sai da suka yi rajista ko suka cike kafin su gani. Wanda bai nemi na ƙarshen ba har 15 ga Afrilun 2025, ya tafi har abada. Kuma mafi yawan waɗanda abin ya wuce su ne mabuƙatan da aka yi tallafin dominsu.

Malam Habu Akanta: Zulai ta kawo gaskiya. Ɗanlami, bari in amsa maka batun bincike, don shi ne ainihin tsoron mutane. A dokar Amurka, daga ranar da ka miƙa takarda IRS na da shekara uku a bisa al'ada ta bincike ta, in sun wuce an rufe shafin wannan shekarar. In ba ka miƙa ba, lissafin shekara ukun ba ya ma farawa. Bayan shekara goma suna iya tuntuɓarka a kan shekarar, lokacin kai ka manta, rasit sun ɓace. Kuma suna da ikon su cike maka takarda da kansu da bayanan da ke hannunsu, ba tare da sun cire maka kuɗin mai ko na mil ba. Wanda ya yi shiru bai ɓuya ba, ya dai bar musu alƙalami ne.

Inda zan yarda da kai shi ne tara. Tarar rashin miƙa takarda a can kashi 5 cikin ɗari ce kowane wata na harajin da ake bin ka, har ta kai kashi 25. Wanda ba a bin sa komai, kashi biyar na babu babu ne. Don haka wanda ya tsorata Baban Iklima ya ɗan ƙara gishiri, muddin dai da gaske ba a bin sa.

Injiniya Sabo: Malam Habu, wannan magana ta ƙarshe a yi hattara kada wani da ke Ingila ya ɗauke ta ya zauna. A nan ba haka ba ne sam. Yawancin ma'aikata ba sa cike komai duk rayuwarsu, daga albashi ake cirewa. Amma da zarar HMRC, hukumar harajin nan, ta aiko maka sanarwa cewa ka cike, to ta hau kanka ko ka samu ko ba ka samu ba. In 31 ga Janairu ta wuce ba ka miƙa ta intanet ba, fam 100 nan take, ko da ba a bin ka ko fam ɗaya. Bayan wata uku a fara fam 10 kullum har kwana 90. Wanda ya taɓa rajistar sana'ar kansa ya daina bai sanar da su ba shi ya fi faɗawa wannan. Mafita ita ce ka kira su ka ce ka daina, su janye sanarwar, ba ka jefa wasiƙar a kwandon shara ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda aka sallama a tsakiyar shekara kusan kullum shi ke bin gwamnati bashi. Shekarar haraji a nan daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu na gaba, kuma fam 12,570 na farko babu haraji a kansu. Amma ba a ba ka rangwamen gaba ɗaya, ana raba shi wata-wata, kimanin fam 1,048. A ce albashinka fam 2,500 ne, ka yi wata uku aka sallame ka. Kowane wata an cire maka kusan fam 290, wato kusan 870 ke nan. Alhali duk abin da ka samu a shekarar 7,500 ne, bai kai haddin ba. Kuɗin nan naka ne gaba ɗaya. Ka riƙe takardar P45 da wurin aiki ya ba ka ranar sallama, in ka yi mako huɗu ba aiki kuma ba ka karɓar alawus mai haraji, ka cike P50 su maido maka ba sai shekara ta ƙare ba. Shekara huɗu gare ka na nema.

Maman Sadik: Salamu alaikum. Ni tambayata ta mata ce. Matar da mijinta ke ɗauke da ita, ko ɗan da iyaye ko yayye ke turo wa kuɗi kowane wata, shi ma kuɗin shiga ne? Don in aka duba asusuna za a ga kuɗi na shiga suna fita, alhali ban sayar da komai ba.

Malam Habu Akanta: Wa alaikumus salam Maman Sadik. Kyauta da ciyarwar iyali ba kuɗin shiga ba ne a wurin wanda ya karɓa, a ƙasashen da muka ambata. Bashi da ka ci ma ba kuɗin shiga ba ne, tunda biya za ka yi. Shawarata kawai, mai turowa ya riƙa rubuta dalili a wurin bayanin tura kuɗi, in tambaya ta taso a ga hujja. A Amurka akwai togiya ɗaya: kyautar da ta haura dala 100,000 a shekara daga wani da ke ƙasar waje, ana sanar da ita a fom 3520. Ba haraji za a karɓa ba, sanarwa ce, amma rashin yin ta na da tara mai zafi.

Maman Sadik: Dubu ɗari? Allah ya kai mu wannan matsalar Malam.

Barista Nuhu: Tunda kowa ya kawo ta ƙasar da yake, ga ta Nijeriya a taƙaice. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun fara aiki 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Mutane suka ji haka suka ɗauka an sallame su gaba ɗaya, alhali biya aka yafe. Mutum ɗaya-ɗaya ga hukumar tara haraji ta jiharsa yake miƙa bayanin shekarar da ta wuce, wa'adin 31 ga Maris, wuraren aiki kuma su miƙa na ma'aikatansu kafin 31 ga Janairu. Tarar da aka rubuta wa wanda takarda ta hau kansa ya ƙi miƙawa ita ce naira 100,000 a watan farko, 50,000 kowane wata bayan nan.

Abin da ya fi tara damun mutane a aikace shi ne takardar shaidar biyan haraji. Shekara uku na baya take nunawa. Ranar da za ka nemi kwangila, ko takardar fili, ko tsayawa takara, za a ce ka kawo. Shekarar da ka bari fayau a tsakiya ita za ta tsayar da kai, kuma a lokacin jami'i na iya yi maka ƙiyasi da kansa, ya duba motarka da gidanka ya yanka maka abin da ya ga dama. Wanda ya rubuta tun a lokacin cewa bai samu komai ba yana da abin nunawa.

Ɗanlami: Duk na ji. Amma ku ma ku faɗi gaskiya, wannan tsarin adalci ne? Mutum ya rasa aiki, yana neman abin da zai kai gida, a ce kuma ya biya wani ya cike masa fom don ya tabbatar wa gwamnati cewa shi talaka ne. Ku da kanku kun ce suna da bayanan. To su lissafa mana, su turo abin da yake nasa.

Hajiya Turai: A nan kam ka yi gaskiya ɗana, ba zan musa ba.

Injiniya Sabo: Akwai ƙasashen da ke yin abin da kake faɗa. A Suwidin hukumar ce ke aiko maka takardar a cike, in ka duba babu gyara ka amince ko da ta saƙon waya ne. Ba fasaha ce ta gagari sauran ba. Sai dai akwai abin da ba za su sani ba sai ka faɗa: an yi maka haihuwa, kun rabu da iyali, mil nawa ka yi da motarka. Shi ya sa ko a can sai ka sa hannu.

Malam Habu Akanta: Kuma batun biya, ba dole ba ne. A Amurka akwai shirin VITA, masu sa kai ne da IRS ta horar, suna cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta. A Kanada ma akwai irinsa. Wanda takardarsa sifili ce ko kusa da sifili, kada ya yarda wani ya karɓe masa kuɗi mai yawa, musamman masu cewa za su ɗauki kaso daga abin da aka maido. Irinsu ne ke ƙirƙiro maka sana'ar da ba ka yi ba don rarar ta kumbura, ranar da asiri ya tonu sa hannunka za a gani.

Zulai: Malam, ga tawa. Ɗaliba ce ni a Amurka da bizar karatu, ban taɓa aiki ba ko na awa ɗaya, iyayena ke biyan komai. Ofishin ɗaliban waje na makaranta ya turo saƙo wai mu cike wani fom. Ni ma ya shafe ni?

Malam Habu Akanta: Ya shafe ki 'yata. Fom 8843 ne, duk mai bizar F ko J da ba a lissafa shi mazaunin ƙasa ta fuskar haraji yana cike shi ko bai samu komai ba. Ba na biyan kuɗi ba ne, yana bayyana dalilin da ya sa ba za a ƙirga kwanakinki a matsayin na mazauniya ba. Shafi biyu ne.

Tunda an zo nan, ga wasu biyu da rashin aiki ba ya ɗauke su. Wanda ya sayi inshorar lafiya ta kasuwar gwamnati gwamnati ta riƙa biya masa wani kaso na kuɗin inshorar tun kafin shekara ta ƙare, dole ya cike takarda tare da fom 8962 a daidaita lissafi. Baban Iklima, wannan ka duba shi da kyau, don waɗanda aka sallama daga aiki can suka fi komawa. Sannan ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka da jimillar ajiyarsa a bankunan ƙasashen waje ta haura dala 10,000 ko da rana ɗaya ce a shekara, sai ya kai rahoto na daban ga ma'aikatar kuɗi, ko ya cike 1040 ko bai cike ba.

Baban Iklima: Inshorar kam muna kanta Malam, ni da yara.

Malam Habu Akanta: To magana ta ƙare, ba sai ka ƙirga mil don sanin hukunci ba, takarda ta hau kanka. Jira fom 1095-A na bayanin inshorar ya iso, ka haɗa da 1099-G da bayanin manhajar, kafin 15 ga Afrilu. Mil ɗin dai ka ƙirga, zai rage maka abin biya.

Alhaji Garba: A gafarce ni na zo a makare. Ƙanena a Jamus yake, ya yi aiki rabin shekara ya karɓi kuɗin rashin aiki sauran rabin. An ce masa kuɗin babu haraji a kansu, sai ga wasiƙa wai ya cike takarda. Yaya ke nan?

Injiniya Sabo: Duka biyun gaskiya ne Alhaji. Kuɗin kansu ba a cire musu haraji, amma ana haɗa su da albashin wajen tantance kason da za a ɗora wa albashin, sai kason ya ɗan hau. Shi ya sa wanda ya yi aikin albashi kuma ya karɓi sama da yuro 410 na irin wannan tallafi a shekarar, cikewa ta zama wajibi. Ya amsa wasiƙar cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta, in lokaci ya ƙure ya rubuta musu ya nemi ƙari tun kafin ranar ta cika.